Washinton Biyu

Ranar 6 ga Mayu, 1783, wasu janar-janar biyu suka zauna a ƙaramin garin Tappan, kusa da Kogin Hudson, arewa da birnin Niyok. Ɗaya shi ne Joj Washinton, kwamandan sojojin Amurka, wanda ya shekara takwas yana gwabzawa da Ingila. Ɗayan kuwa Guy Carleton, wanda Landan ta turo ya tattara ragowar sojojinta ya fitar da su daga ƙasar. Yaƙi ya ƙare, saura kwashe kaya. Sai dai cikin abin da Washinton ya zo nema a ranar har da mutane, wato bayin da suka tsere daga gonakin iyayengijinsu suka fake a bayan sojojin Ingila. Yarjejeniyar sulhun da aka tsara a Paris ta ce Turawan Ingila za su fice ba tare da sun tafi da baƙaƙen fata ko wata dukiyar Amurkawa ba. Washinton yana so a cika wannan sharaɗi.

Carleton ya ƙi. Ya ce an riga an yi wa mutanen nan alkawarin 'yanci da sunan Sarkin Ingila, mayar da su hannun masu su cin amana ne, kuma ma jiragen farko sun riga sun tashi da wasunsu. Iyakar abin da ya yarda zai yi shi ne a rubuta sunan duk wanda zai shiga jirgi, da shekarunsa, da sunan ubangidansa na dā, domin idan ta kama a biya diyya a san wa za a biya.

Littafin da aka yi wannan rubutu yana nan har yau, da sunaye kimanin 3,000 a ciki. A jerin waɗanda suka shiga jirgin L'Abondance a watan Yuli na shekarar akwai wani mutum ɗan shekara 43, wanda aka rubuta cewa shekara bakwai ke nan da ya bar ubangidansa. Sunansa Hari Washinton. Ubangidan kuwa shi ne janar ɗin da ya zauna da Carleton a Tappan.

An haifi Hari wajen 1740 a yankin Kogin Gambiya, a nan Afirka ta Yamma. Joj Washinton ya saye shi a 1763, lokacin yana ɗan shekara 31, yana kan ganiyar tara dukiya. Shi Joj tun yana ɗan shekara 11 ya gaji bayi goma da mahaifinsa ya rasu. Ya yi aikin awon ƙasa da ƙuruciya, ya yi soja a yaƙin da Ingila ta yi da Faransa a kan kwarin Ohio, sannan a 1759 ya auri Martha Custis, gwauruwa mai tarin gonaki da bayi daga gadon mijinta na fari. Gonarsa ta Mount Vernon, a gaɓar Kogin Potomac a Bajiniya, ta yi ta faɗaɗa, kuma kowace sabuwar eka hannun bayi take jira.

Ba a fara kai Hari can ba. Washinton yana da hannun jari a wani kamfani da ya ƙudiri aniyar tsotse ruwan wata ƙatuwar fadama mai suna Dismal Swamp, a kan iyakar Bajiniya da Karolina ta Arewa, a mayar da ita gona. Kowane mai jari sai ya kawo bayinsa. Hari yana cikin waɗanda aka tura haƙar magudanar ruwa da saran itace, a cikin laka da sauro da macizai. Bayan wasu shekaru aka dawo da shi Mount Vernon, aka ba shi kula da dawaki. A 1771 ya gudu. Washinton ya biya kuɗi aka buga cigiya, kuma ba a daɗe ba aka kamo shi.

A waɗannan shekarun ne manyan Bajiniya suka fara ɗaga murya a kan Landan. Tun daga harajin hatimi na 1765, ƙorafinsu ɗaya ne: majalisar da ba su da wakili a cikinta ba ta da ikon sa musu haraji. Kalmar da ta fi yawa a bakinsu kuwa ita ce bauta. A 1774 Washinton ya rubuta wa maƙwabcinsa Bryan Fairfax cewa idan ba su tashi tsaye ba, Ingila za ta mayar da su bayi masu ladabi kamar baƙaƙen da su kansu suke mulka yadda suka ga dama. Wanda ya rubuta haka ya san abin da bauta take nufi sarai. Masu yi masa hidima a tebur da masu ɗaura masa sirdi su ma suna da kunne, suna jin abin da ake tattaunawa.

Da yaƙi ya ɓarke a 1775, majalisar yankunan Amurka goma sha uku ta naɗa Washinton kwamanda a watan Yuni. A watan Nuwamba gwamnan Ingila na Bajiniya, Lord Dunmore, wanda 'yan tawaye suka kora har ya koma zama cikin jirgin ruwa, ya yi shela: duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya ɗauki makami don Sarki, ya 'yantu. Ba tausayi ya sa shi ba. Dunmore da kansa yana da bayi, kuma shelar ba ta shafi bayin masu biyayya ga Sarki ba. Dabarar yaƙi ce. Amma ga mutumin da aka saya da kuɗi, dalilin mai buɗe ƙofa ba shi ne abin dubawa ba. Lund Washinton, ɗan'uwan janar da ke riƙe da gonar, ya rubuta masa cewa babu namiji ɗaya cikin bayin da ba zai tafi ba idan ya ga zai tsira. A damina ta 1776, a watan da aka yi shelar 'yancin Amurka a Filadelfiya, jiragen Dunmore suka hauro Potomac neman ruwan sha. Hari ya bi su.

Da yawa daga waɗanda suka amsa kiran Dunmore agana da zazzaɓi suka kashe su a cikin jirage da sansanoni. Hari ya tsira. Ya kai Niyok, ya yi aiki da rundunonin baƙaƙen fata da ke yi wa sojojin Ingila haƙar ramuka da gina shinge da jigilar kaya, ya kai muƙamin kofur, har aka tura shi Charleston a kudu. A ɗaya ɓangaren ma akwai baƙaƙe. Washinton ya fara da hana ɗaukarsu soja, amma da labarin shelar Dunmore ya iso masa ya sassauta kafin ƙarshen 1775, kuma masana tarihi suna ƙiyasta cewa kimanin 5,000 sun yi yaƙi a ɓangaren Amurka.

Labarin yaƙin kansa sananne ne. Washinton ya sha kashi a Niyok a 1776, ya tsallake Kogin Delaware cikin ƙanƙara ya ci Trenton washegarin Kirsimeti, ya riƙe sojojinsa a Valley Forge cikin hunturun 1777 zuwa 1778 inda kusan 2,000 suka mutu da cuta da yunwa, sannan da taimakon sojoji da jiragen Faransa ya tilasta wa janar ɗin Ingila Lord Cornwallis miƙa wuya a Yorktown ranar 19 ga Oktoba, 1781. A fagen daga an yi janar-janar da suka fi shi. Abin da ya bambanta shi ya faru ne bayan an daina harbi, kuma a nan ya kamata a dakata.

Bayan Yorktown, rundunar ta yi sansani a kewayen Newburgh tana jiran sulhu. Hafsoshi sun yi watanni, wasu shekaru, ba albashi. A 1780 majalisa ta yi musu alkawarin rabin albashi har ƙarshen rayuwa a matsayin fansho, amma majalisar ba ta da ikon karɓar haraji. Sai dai ta roƙi jihohi, jihohi kuma su yi kunnen uwar shegu. Hafsoshin sun gane cewa ranar da aka sallame su suka ajiye bindiga, babu mai sake sauraronsu. Tun a watan Mayu na 1782 wani kanar, Lewis Nicola, ya rubuta wa Washinton cewa mulkin jamhuriya ya gaza, ƙasar tana bukatar sarki, kuma ba sai an faɗi wanda yake nufi ba. Washinton ya mayar masa da amsa a ranar, mai zafi, ya ce ya fitar da wannan tunani daga ransa kada ya sake faɗa wa kowa.

A watan Maris na 1783 abin ya kai intaha. Wata takarda marar sa hannu ta zagaya sansanin tana kiran hafsoshi taro, tana cewa idan sulhu ya tabbata kada su ajiye makami sai an biya su, idan kuma yaƙi ya ci gaba su janye su bar majalisa ta kare kanta. Daga baya aka gano Manjo John Armstrong ne ya rubuta ta, dogarin Janar Horatio Gates, wanda dama ba sa ga maciji da Washinton. Akwai kuma 'yan siyasa a Filadelfiya da ke ganin barazanar soja za ta taimaka musu wajen tilasta wa jihohi amincewa da haraji.

Washinton ya hana taron da aka kira, ya kira nasa ranar 15 ga Maris, ya bar mutane suna zaton ba zai zo ba. Gates yana kan kujerar shugabanci sai ga shi ya shigo. Ya karanta jawabi yana roƙonsu kada su zubar da mutuncin da suka tara a shekara takwas, ya yi alkawarin zai bi musu haƙƙinsu. Fuskoki ba su saki ba. Sai ya zaro wasiƙar wani ɗan majalisa don ya nuna musu ana ƙoƙari, ya fara karantawa yana tuntuɓe, ya tsaya, ya laluba aljihu ya ciro tabarau. Yawancinsu ba su taɓa ganinsa da tabarau ba. Ya nemi afuwa, ya ce ba furfura kaɗai ya yi a hidimar ƙasarsa ba, idonsa ma ya kusa tafiya. Waɗanda suka halarta sun rubuta cewa wasu hafsoshi sun yi hawaye. Da ya fita, taron ya amince da ƙudurin biyayya ga majalisa. Kwanaki kaɗan bayan haka majalisa ta mayar da fanshon zuwa cikakken albashin shekara biyar.

Duk wanda ya san yadda irin wannan taro na hafsoshi masu jin haushi ya saba ƙarewa a duniya zai gane nauyin abin da ya faru. Oliver Cromwell ya ci yaƙi da Sarkin Ingila da sunan majalisa, a 1653 ya shiga da sojoji ya kore ta. Napoleon ya yi haka a Faransa a 1799. Washinton yana da rundunar, yana da farin jini, yana da hujja, domin majalisar ta gaza da gaske. Ranar 23 ga Disamba, 1783, ya shiga zauren majalisar a Annapolis, ya karanta ɗan gajeren jawabi hannunsa yana rawa, ya miƙa takardar naɗinsa ga shugaban majalisa Thomas Mifflin, ya hau doki ya koma gona. Ya sake yin irin haka a 1797, bayan wa'adi biyu na shugabancin ƙasa, alhali babu dokar da ta hana shi neman na uku. Al'adar da ya kafa ta tsaya har zuwa lokacin Shugaba Franklin Roosevelt, wanda ya karya ta, kuma a 1951 aka shigar da ita cikin kundin tsarin mulki. Wannan yabo ne da ya cancanta, babu ragi.

To amma tsakanin Newburgh da Annapolis ne ya zauna da Carleton. Mako bakwai kacal bayan tabarau. Mutumin da ya iya sakin runduna da mulkin ƙasa bai iya sakin yaron bargarsa ba, kuma bai ga saɓani a tsakanin biyun ba, domin a lissafinsa 'yancin da aka yi yaƙi dominsa ya haɗa da 'yancin mutum a kan dukiyarsa. Ya nemi wani ɗan kwangilar soja a Niyok ya sa ido ko zai ga bayinsa. Ba Hari kaɗai ba ne: a watan Afrilu na 1781 wasu 17 sun bi jirgin yaƙin Ingila mai suna Savage daga Mount Vernon, kuma an kamo wasunsu bayan Yorktown. A Niyok, kwamitin da ke sauraron ƙarar masu neman bayinsu yana zama ne a masaukin Fraunces. A wannan gida Washinton ya yi bankwana da hafsoshinsa ranar 4 ga Disamba, kwana tara bayan sojojin Ingila sun fice daga birnin.

Masu kare shi sukan ce zamaninsa ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Tun 1782 dokar Bajiniya ta ba kowa damar 'yanta bawansa, kuma wani attajirin jihar, Robert Carter na Uku, ya fara 'yanta nasa fiye da 450 daga 1791. Lafayette, matashin Bafaranshen da Washinton yake ɗauka kamar ɗa, ya ba shi shawara a 1783 su sayi gona tare su 'yanta bayi su mayar da su manoman haya. Washinton ya yaba masa, ya ce sai sun haɗu, maganar ta mutu. A wasiƙunsa na sirri ya sha faɗin cewa yana fatan a soke bauta sannu a hankali ta hanyar doka, amma bai taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Da yake shugaban ƙasa a Filadelfiya, inda dokar jihar ta ce bawan da ya zauna wata shida ya 'yantu, sai ya riƙa fitar da bayin gidansa daga jihar kafin wa'adin ya cika. A 1793 ya sa hannu a dokar kamo bayin da suka tsallaka wata jiha. Da Ona Judge, mai yi wa Martha hidima, ta gudu a 1796, ya sa jami'in kwastan na garin Portsmouth, inda ta fake, ya nemo ta. Ta ce za ta dawo idan an yi mata alkawarin 'yanci bayan rasuwarsu. Ya ƙi, ya ce hakan lada ne ga rashin biyayya. Ba ta dawo ba.

Shi kuwa Hari, 'yancin da ya samu bai zo da sauƙi ba. An sauke shi da abokan tafiyarsa a Nova Scotia, a gabashin Kanada ta yau, suka kafa Birchtown, da sunan Janar Samuel Birch da ya sa hannu a takardun 'yancinsu. Ƙasa ce mai duwatsu da sanyi mai tsanani. Filayen da aka yi alkawari sai aka fara raba wa fararen fata. Baƙaƙe suka yi shekaru suna jira, wasu suka sami 'yan ƙanana marasa albarka, da yawa suka koma ƙwadago a kan ladan da bai kai na Bature ba. A 1784 tsofaffin sojoji fararen fata suka far wa baƙaƙen garin Shelburne da ke kusa, suka rushe musu gidaje, a kan cewa suna karya farashin aiki.

Wani tsohon saje daga cikinsu, Thomas Peters, ya tsallaka teku har Landan a 1790 ya kai kuka. A can ya haɗu da masu yaƙi da cinikin bayi da ke shirin kafa mazauni a Saliyo. A watan Janairu na 1792 jirage 15 suka tashi daga Halifax da mutum kusan 1,200 a ƙarƙashin Laftanar John Clarkson. Hari da matarsa Jenny suna ciki. Yana da shekara hamsin da 'yan kai ya sake taka ƙasar Afirka, a gaɓar da ke kudu da inda aka haife shi, kuma yana cikin waɗanda suka sare daji suka kafa Freetown. Ya sami gona a bayan gari ya noma.

Clarkson ya yi musu alkawarin eka 20 ga kowane magidanci, kuma ba kuɗin ƙasa. Abin da suka samu bai kai rabin haka ba. Bayan an sallami Clarkson, Kamfanin Saliyo ya ce kowa zai riƙa biyan sule ɗaya a kan kowace eka duk shekara. Ga mutanen da suka taso a gonakin Bajiniya da Karolina, wannan ba maganar sule ba ce. Wanda ke biyan haya har abada ba shi ne mai ƙasa ba, 'ya'yansa ma haka. Suka yi ta rubuta koke, suka nemi su zaɓi alƙalansu, suka ce kamfanin da ke Landan ba shi da ikon sa musu haraji ba da yardarsu ba. Hujjar da Joj Washinton ya kafa a kan majalisar Ingila, ita tsohon bawansa yake kafawa a kan wani kamfanin Ingila, bayan shekara ashirin da biyar, a wancan gefen teku.

A watan Satumba na 1800 shugabanninsu suka manna nasu dokokin a bainar jama'a. Gwamna Thomas Ludlam ya ce tawaye ne. Ana cikin zaman ɗarɗar sai jirgin Asia ya iso da sojoji da kuma Maroon kusan 550, jikokin bayin da suka ƙwaci kansu a duwatsun Jamaika, waɗanda Ingila ta kora zuwa Nova Scotia sannan ta kawo nan. Gwamna ya yi amfani da su ya murƙushe tawayen cikin 'yan kwanaki. Aka rataye mutum biyu, Isaac Anderson da Francis Patrick. Aka ƙwace gonakin wasu aka kore su daga mazaunin. Hari Washinton, yana da kimanin shekara sittin, yana cikin waɗanda aka kora zuwa gaɓar Bullom, a ƙetaren kogi.

Tsohon ubangidansa ya riga ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1799. Wata biyar kafin nan ya zauna shi kaɗai ya rubuta wasiyya da hannunsa. A lokacin akwai bayi 317 a Mount Vernon, 123 daga ciki nasa ne na kansa. Ya 'yanta William Lee, wanda ya bi shi duk tsawon yaƙi, nan take, tare da kuɗin shekara-shekara. Sauran ya ce a 'yanta su bayan rasuwar Martha, a ciyar da tsofaffi daga dukiyarsa, a koya wa marayu karatu da sana'a, kuma ya hana a sayar da ko ɗaya ko a fitar da shi daga Bajiniya. Cikin shugabannin Amurka na farko da suka mallaki bayi da yawa, shi kaɗai ya yi haka. Thomas Jefferson, James Madison da James Monroe ba su yi ba.

Martha ba ta jira mutuwarta ba. Zama cikin mutane fiye da ɗari da suka san 'yancinsu yana jiran numfashinta na ƙarshe ya tsorata ta, kamar yadda ta shaida wa Abigail Adams, matar shugaban ƙasa na lokacin, da ta kai mata ziyara, don haka ta sa hannu suka 'yantu ranar 1 ga Janairu, 1801. Wasiyyar ba ta shafi mutum 153 na gadon Custis ba, domin doka ba ta ba shi ko Martha ikon 'yanta su ba. Shekara arba'in ana auratayya tsakanin ɓangarorin biyu, saboda haka a gidaje da dama miji ya 'yantu, mata da 'ya'ya suka ci gaba da zama bayi. Da Martha ta rasu a watan Mayu na 1802, aka raba su tsakanin jikokinta huɗu, kowa ya kwashi rabonsa zuwa gonarsa.